Layin Ganin Yakubu

Riyadh, Talata

Ƙarfe biyu da rabi, asuba ba ta ma yi niyya ba, Mamman ɗan Maraɗi ya danna min hon a ƙofar gidanmu na unguwar Naseem. Shekara uku rabona da gida. Kafil ɗina, wato ubangidana, ya sa hannu a takardar fita da dawowa yana huci, kamar ƙodarsa na roƙa.

"Yalla, Alhaji Sale! Wannan jaka gawa ce a ciki?" in ji Mamman.

"Tsarabar babban mutum ce. Ɗauka da ladabi."

Babban mutumin shi ne Yakubu, ɗan ƙanwar mahaifiyata. Gida ɗaya muka tashi a Kaltungo, ni masallaci shi coci, kwano ɗaya. Daga baya ya shiga ɗarikar Mormon, har suka ba shi shugabancin matasansu masu wa'azi a Inugu na shekara uku, ya kwashi iyali suka koma can. Mahaifiyarsa, Inna Tabita, idonta ya kusa rufewa. Ta kira ni a waya ta ce, "Sale, ka biya ka taho min da Yakubu in gan shi tun ina iyawa." Aikin da ya sa na yi wannan zagaye ke nan. Na sayo masa gahawa kilo biyu mai hel, ɗan ƙamshin da Larabawa ke sa mata, da butarta, da dabino kwali guda.

Minti talatin da biyar muka isa filin jirgi. Jirgi ya tashi biyar da kwata.

Addis Ababa

Bayan awa uku muka sauka. Wani jami'i ya buɗe jakata, ya sunsuna gahawar, ya dube ni da tausayi. Na shigo ƙasar kofi da kofina. Na sayi ruwa dala biyu, na sha a hankali don in more.

Inugu

Sha biyu da rabi na rana. Samari biyu ne suka tarye ni, farar riga, nakataye, baƙin allon suna a ƙirji. Kowanne sunansa ya fara da Elda, wai dattijo. Na duba haɓar dattawan nan, ko gashi ɗaya ban samu ba.

A gida Ladi, matar Yakubu, tana tsaye kan tukunyar da za a iya yi wa ɗan maraƙi wanka a ciki.

"Maman Saratu, suna ake yi?"

"Wane suna, Yaya? Sababbi goma sha biyu ne suka iso. 'Ya'yana yanzu sun haura ɗari. Wannan zazzaɓi, wancan kewar uwarsa, wani ya ƙona riga da dutsen guga. Duk ni."

Yakubu ya shigo da waya a kunne, ya rungume ni da hannu ɗaya. Na fito da tsaraba da alfahari. Yakubu ya dubi gahawar, ya dube ni.

"Yaya, ai mu ba ma shan kofi. Ko shayi."

Ƙasa uku na ratsa da wannan gahawa. Dattawa suka far wa dabino, suka cece ni daga kunya.

Da na isar da saƙon Inna, ya sunkuyar da kai. "Ƙa'idar aikin ce, ba na barin yankin nan sai wa'adina ya cika. Saura wata goma sha huɗu."

"Idon Inna bai san wa'adi ba, Shugaba."

Waya ta sake ƙara. Ya ɗaga.

Inugu, Laraba

Ranar ganawa ce. Kowane mai wa'azi zai shiga ofis shi kaɗai, ya yi minti goma da Shugaba, ya faɗi damuwarsa. Suka jeru a benci tun ƙarfe takwas. Ni ma na zauna, don kallo kyauta ne. Can ƙarshen layi sai na hango Saratu, 'yar Yakubu mai shekara goma sha huɗu, ta yanko kwali ta rubuta sunanta ta maƙala a ƙirji.

"Ke kuma fa?"

"Layi nake bi, Baffa. Kwana tara ina cewa Baba ina da magana, yana cewa anjima. Waɗannan ba a ce musu anjima."

Awa uku ta yi a bencin nan. Da layi ya zo kanta, Yakubu ya leƙo yana cewa na gaba, ya ga kwalin, ya tsaya. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya buɗe mata ƙofa sosai kamar yadda ya yi wa kowa, ya miƙo min wayarsa.

"Riƙe min, Yaya."

Wayar ta yi ƙara sau bakwai a hannuna. Na zama Shugaba na riƙo, ban amsa ko ɗaya ba, kuma Inugu ba ta rushe ba. Minti arba'in suka yi. Da suka fito idonsa ja.

"An yi hutu. Tana so ta bi ka wurin Inna, ta zauna da ita. Na amince." Ya karɓi wayata, ya koma ciki, ya ɗauki muryarsa da yarenmu, saƙo ga Inna.

Hanya, Alhamis da Juma'a

Shida na safe muka bar tasha. Na ƙirga shingen bincike goma sha ɗaya kafin Makurɗi, na gaji na daina. A Lafiya muka ci sakwara naira ɗari huɗu, miyar ta ga nama daga nesa. Muka kwana Jos gidan wani abokina, sanyi ya tuna min bargona na Naseem. Washegari Bauci, Gombe, sai Kaltungo ƙarfe uku.

Kaltungo

Inna na zaune a tabarma. "Sale, ina Yakubun?"

"Bai samu zuwa ba, Inna. Ga wakiliya."

Ta jawo Saratu kusa, kusa ƙwarai, har goshinsu ya haɗu, ta shafa fuskarta. "Hancin nan nasa ne. Allah sarki, yarinya, ki yi haƙuri." Na kunna mata muryar. Ta saurara sau uku, ta ce in bar mata wayar. Na bar mata gahawar da Yakubu ya ƙi a madadi. Ta kurɓa, ta ce ko maganin shawara ya fi wannan daɗi.

Gombe

Da magariba na isa gidana, bakina cike da labarin mutumin da 'yarsa ke bin layi kafin ta gan shi. Ina cikin ba Hajara, matata, sai autana Habu, wanda na bari yana rarrafe, ya leƙo daga bayan zanenta.

"Umma, baƙon nan a nan zai kwana?"

Hajara ta ajiye min ruwa. "Ci gaba, Alhaji. Me ka ce sunan mutumin?"

Na kashe wayata, na sa ta a aljihu, na zauna a ƙasa inda yaron zai iya ganin fuskata. Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa Mamman da Maman Saratu. Habu kuwa ya ce in jira, yana cin dabinon da na ware masa. Ina jira.