Ranar da Aka Share Mini Aji

Har gobe ban manta da Larabar da aka zo duba ni a aji ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, don irinta na iya zuwa muku.

Lokacin ina koyar da ajin share fage, na 'yan shekara huɗu zuwa biyar, a firamaren wani ƙauye a ƙasar Auyo. Shekara shida ina ajin nan, ko bitar yini ɗaya ba a taɓa tura ni ba, wai mu masu raino ne. Da aka buɗe horon malaman ƙananan yara a Haɗeja, shugaban makarantarmu, Malam Garba, ya tsaya kai da fata sai da aka sa sunana. Abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa.

Tsarin horon shi ne a yi mako uku a Haɗeja, sannan malama ta koma ajinta ta yi wata biyu tana aiki da abin da ta koya. Daga nan jami'a za ta zo ta kalle ta sau ɗaya tak. In ta gamsu a ba da takardar shaida, in ba ta gamsu ba shi ke nan.

Abin da aka fi nanata mana shi ne ƙaramin yaro da hannunsa yake koyo. Don haka na fitar da bencina, na shimfiɗa tabarmi, na tara murafun kwalba da kara da yumɓun bakin kogi. Yara suka riƙa gina shanu da yumɓun, muna ƙirga su.

Ranar dubawar, cikin watan Satumba, ruwa ya cinye hanya, sai da kwalekwale ake shigowa. Baba ya ce, "Hajara, je ki tarbo baƙuwa a bakin ruwa, ni zan kula da ajin." Na tafi da murnata. Jami'ar, Hajiya Saude, mace ce marar yawan magana. Daga bakin ruwa har makaranta gaisuwa kawai muka yi.

Ina sa ƙafa a aji na ce innalillahi! An share shi tas, ba tabarma, ba yumɓu, ga bencina a jere. Yaran da suka miƙe suna rera gaisuwa da Turanci ma ba nawa ba ne, 'yan aji biyu ne. Haka aka saba a makarantunmu in za a yi baƙi: a share, a jera benci, a sa masu ƙoƙari a gaba. Baba yana tsaye bakin ƙofa yana murmushi, shi a dole ya yi mini gata.

Hajiya ta zauna ta ce, "Malama, bismilla."

Na rasa ta inda zan kama, sai na ce su yi ƙirga. Suka zuba har ɗari ba gargada. Hajiya ta kira wani yaro ta ce ya yi mata dariya. Ya wage baki, ga wawulo. Ta kira na biyu, shi ma haka.

"Malama Hajara, a garinku 'yan shekara huɗu ne ke famfara? Waɗannan yaranki ne?"

In na ce nawa ne, na yi ƙarya kuma ta gane. In na ce a'a, na tona asirin mutumin da ya kai ni horon, a gaban baƙuwa. Na ce, "Hajiya, 'yan makarantarmu ne."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na sunkuyar da kai. Wallahi haushin Baba kamar ya kashe ni, amma na gwammace in rasa takardar. Ta rufe littafinta, ta ce mai fito yana jiran ta.

Sai na ji muryar Baba: "Hajiya, laifina ne. Yarinyar nan ba ta san komai ba. Yaranta suna gindin tsamiya bayan makaranta."

"Kayan koyarwarta fa?"

Ya ce, "Na sa an zubar a juji. Na ɗauka shara ce."

Hajiya ta duba agogo ta ce ta ba mu rabin awa. Baba bai aiki kowa ba. Dattijo mai furfura, da kansa ya tsuguna a juji yana tsince murafun kwalba da shanun yumɓu yana zubawa a gaban babbar rigarsa, malamai suna leƙe ta taga.

Yarana suka shigo, aka zube kayan a tabarma. Wata yarinya, Ummi, ta ga saniyarta ta karye, ta ɓarke da kuka. Na ce a raina yau dai tawa ta ƙare. Na zauna kusa da ita na ce, "Ummi, ƙafa nawa ta rage mata?" Cikin shessheƙa ta ce biyu. "To nawa za mu ƙara mata ta tashi?" Sauran suka yo caa, wannan ya ce ɗaya, wancan ya ce biyu. Muka jiƙa yumɓu, kowa ya kama gyaran saniyarsa yana ƙirga ƙafafu. Har na manta da Hajiya tana wurin. Ta tafi ba ta ce mini ci kanki ba, na yi mako uku ina zullumi kafin takardar ta iso.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba lallai maƙiyi ne zai ɓata miki shiri ba, sau da yawa mai ƙaunarki ne da ba a yi wa bayani ba. Wata biyu ina tara kayan nan, ban taɓa zaunar da Baba na gaya masa amfaninsu ba, to laifin wa? In kun dawo daga horo, ku fara da shugabanku kafin yara.

Har Baba ya yi ritaya, duk ranar da za a yi baƙi a ƙofar ajina yake tsayawa, ya ce wa masu tsintsiya, "Ku wuce. Sharar wannan ajin karatu ce."