Saifar Gwadabe

Duk wanda ya yi aiki a kamfanonin Kano a ƙarshen shekarun saba'in, in bai san Gwadabe ba, to ya taɓa jin muryarsa. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, gajere mai faɗin ƙirji. Ya zo cin rani da niyyar komawa kafin shuka, aikin kamfani ya riƙe shi. Ɗakina yana jikin nasa a wani gidan haya a Sharada, katangar da ta raba mu ma ba ta kai rufi ba. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Gwadabe ba mugu ba ne. Idan ɗanka ya tashi da zazzaɓi, shi zai riga ka neman magani. Sai dai zuciya gare shi kamar ashana. A kamfanin saƙa na Bompai ya fara aiki, ya bar shi ranar da foman ya kira shi da fito. Ya koma kamfanin robobi a nan Sharada, can ma bai ga watan azumi ba. A ƙarshe ya samu zama a wani kamfanin jima a Challawa, inda ƙarar gangunan wanke fata ta fi muryarsa, wari kuma ba ya barin kowa ya tsaya doguwar gardama. Matarsa Rabi ta saba. In ya fara faɗa sai ta ci gaba da tankaɗenta, in ya gaji ta miƙa masa ruwa.

Mahaifiyarsa Hajjo tana da nata bayani a kan wannan hali. Yana ƙarami cikinsa ya kumbura ta hagu, irin ciwon saifar da ke kama yara in zazzaɓi ya daɗe a jikinsu. Aka kira wanzami ya yi masa tsaga don baƙin jinin ya fita. Wanzami ya fara ke nan, yaro ya shure shi a haɓa, ya ƙwace ya shige gonar dawa, tsaga ta tsaya rabi. A ganin Hajjo, jinin da ya saura ne yake tafasa har girma. Shi ma Gwadabe ya yarda. In ransa ya ɓaci sai ya dafe gefen cikinsa inda 'yan tabban suke, ya ce saifar ta motsa. Mu kuma mu yi dariya, amma sai bayan ya ba da baya.

Wata rana da hantsi a cikin damina, ana tura amalanke maƙil da jiƙaƙƙun fatun shanu. Ƙasa da santsi, amalanken ya kuɓuce ya matse Gwadabe da bango. Ya miƙe, ya wanke mai turawar tas, ya koma bakin aikinsa. Kafin azahar ya yanke jiki ya faɗi, leɓɓansa sun yi fari fat. Aka kai shi asibiti a motar kamfani. Likita ya ce saifa ce ta fashe, jini yana zuba a ciki, aka shiga da shi ɗakin tiyata aka cire ta gaba ɗaya.

Da na ba wani malamin asibiti labarin tsagar nan, ya yi dariya. Ya ce Turawan zamanin da ma haka suka ɗauka, shi ya sa kalmarsu ta saifa har yau tana ɗauke da ma'anar fushi, amma mutum yana rayuwa lafiya lau babu ita. Na kai wa Hajjo wannan albishir, don a lokacin ta riga ta iso daga ƙauye. Ta dube ni ta ce Allah bai sa wa mutum abu a ciki don ado ba, ita ko akuya ba ta taɓa ganin an feɗe an tarar babu saifa ba. Rabi kuwa tana gefe tana ji.

Aka sallamo shi, ya dawo gida, gida ya yi tsit. Mutumin da ko ƙuda bai isa ya sauka a kwanonsa ba, ga shi kwance yana kallon rufi. Yara su yi ta guje-guje a ƙofar ɗakinsa, ko tari ba ya yi. A kawo kunu babu tsamiya, ya kurɓa sau ɗaya ya ture a hankali ya ce an gode. Wallahi wannan an gode ɗin ta fi zaginsa ɗaga mini hankali.

Magana ta zaga unguwa cewa jikin Gwadabe ba daɗi, sai mutane suka fara abin da ake yi wa mai shirin tafiya, wato zuwa neman gafara. Mai shayin bakin titi ya zo. Mai gidan hayarmu ya zo. Har tsohon foman ɗin nan na Bompai ya hawo bas ya zo ya durƙusa. Kowa ya ce in ya taɓa saɓa masa ya yafe, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa. Duk wanda ya fita, sai in ga Rabi ta ƙara ramewa. A bakin rijiya ta tsayar da ni.

"Malam Isyaku, shekara da shekaru ina roƙon Allah ya sanyaya masa zuciya," in ji ta. "Ni ba irin wannan sanyin na roƙa ba. Tsoro nake ji mutuwa zai yi."

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Garba ya zo, abokin aikinsa a wurin gishirin fata. Ina zaune a ɗakin. Garba ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce shi ma gafara ya zo nema, amma tasa ta keke ce.

"Wane keken?" in ji Gwadabe, murya can ƙasa.

Garba ya ce ranar da aka tafi da shi asibiti, ya ga kekensa a ƙofar kamfani, ya ji tsoron kada a sace, ya tafi da shi gida. To da yake keke ba ya son zama, sai ya ɗan riƙa hawa. Ya je Dakata ɗauko saƙo, ya jingine shi a bayan wata tirela, direba kuma ya yi baya.

"Amma sirdin bai yi komai ba," in ji Garba. "Ga shi nan ma na taho da shi."

Gwadabe ya dubi sirdin. Mutumin da sai an tallafe shi yake tashi, sai ga shi zaune da kansa. Ya tambayi Garba ko keken gadon gidansu ne. Ya tambaye shi wane mahaukaci ne yake jingine keke a gindin tirela. Ya ce bai yafe ba, ba zai yafe ba, kuma gafarar da ya raba wa mutane a kwanakin nan ma zai sake dubawa. Ya rarumo buta ya jefa, Garba ya goce, ta sami ƙofa. Hajjo ta leƙo da carbi a hannu, baki buɗe, ta ce to wannan zuciyar kuma daga ina take fitowa, tunda an cire gidanta?

Ni kam daɗi ne ya kama ni. Daga baya Gwadabe ya gaya mini shi ma ya gaskata maganar tsohuwa, kwanciya ya yi yana jiran ajali, sai da ya ji ransa ya ɓaci kamar da sannan ya san da sauransa. Ya koma Challawa, ya yi shekaru masu yawa yana aiki yana faɗa.

A wannan Juma'ar dai maƙwabta suka ji hayaniya suka yo ɗakin da gudu don su ba shi baki. Suka tarar da Rabi tsaye a ƙofa, ludayin miya a hannunta, hawaye yana zuba tana dariya. Ta tare hanya da hannu ɗaya.

"Don Allah kada wanda ya ba shi haƙuri," in ji ta. "Ku bar shi in ji."