Ranar da Baba Daidai Ya Bar Waya Ta Faɗi Lokaci

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar bakin babban titi ya san Baba Daidai, ko da bai taɓa gaishe shi ba. Shi ne tsohon nan mai fankama-fankaman kunnuwa da ke zaune a ƙarƙashin matattakalar kantin magani, cikin wani ɗan akwatin gilashi wanda ko kyanwa aka saka sai ta nemi a ƙara mata fili. Madubin ido ɗaya a maƙale, hantsaki a hannu, agogon mutane a baje a gabansa hanji waje. Ka tambaye shi hanya, ba zai ɗago ba. Amma ka kuskura ka dubi wuyan hannunka ka ce wa abokin tafiya "biyu ta yi", sai ka ji murya daga cikin akwati: "Da saura."

Sunan kuwa daga bakinsa aka ɗauko shi. Duk agogon da ya gama gyarawa sai ya kara shi da nasa, wani tsohon agogon ƙarfe da ya gada wurin wanda ya koya masa aiki. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, "Daidai." Ba ya gwadawa da rediyo, ba ya gwadawa da talabijin. In rediyo ya saɓa da agogonsa, to ranar masu rediyo sun makara. Aƙidarsa guda ce tun yana saurayi: agogo ɗan aike ne, mutum ke faɗa masa lokaci, ba shi ke yanka wa kansa ba.

Matarsa ma a bakin akwatin nan ya same ta. Ta kawo agogon bangon babanta, ya gyara, bayan kwana kaɗan ya sake tsayawa, ta dawo. Ya gyara, ya tsaya, ta dawo. Har yau in an zauna shi cewa yake da gangan yake barin wani ɗan ƙusa a kwance, ita kuma ta ce ƙarya yake, ita ce take cusa wa agogon tsinke ta baya. Babu mai yarda ɗan'uwansa ne ya fi wayo. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ita ma sai da suka fara fid da rai. Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe, amma kowa Auta yake kiranta, uwar kuma Maman Auta.

Da wayoyin shafa suka shigo, kasuwar Baba ta fara ramewa. Mutumin da a da yake buɗe cikin agogo kamar likita ya koma canja batir da huda maɗauri. Ya tsani waya tsana mai lasisi. "Makwaɗaiciya," in ji shi. "Ta cinye rediyo, ta cinye tocila, ta cinye mai hoto, ta zo ta haɗiye ni ban ko mutu ba." Ana cikin haka Auta ta yi aure, mijin ya ɗauke ta zuwa wata uwa duniya inda ko agogonsu ba ya tafiya tare da na nan. Baba bai taɓa yafe wa surukin wannan ba. Amma ya rataya agogo na biyu a falo, ya saita shi da lokacin can, kullum da safe ya tsaya gabansa ya ce, "Yanzu tana shan shayi." Ita ce ta aiko masa da makwaɗaiciyar, ta sa aka kafa musu akwatin wayfai a saman kabad. Ya karɓa yana tsaki, ya ɗinka wa wayar riga da hannunsa.

To, ranar da ake magana, da sassafe ƙaramar wayar Maman Auta mai madannai ta yi ƙara. Surukin ne. Auta ta sauka lafiya, mace. Ya ce asibitin ba sa barin kowa a ɗakin masu haihuwa sai lokacin ziyara, shi ma gajere ne, da an buɗe zai shiga ya kira su ta bidiyo su ga jaririya. In lokacin ya wuce, sai kuma gobe.

Gobe! Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jiran jika a ce masa gobe?

Baba ya rasa inda zai sa kansa. Ya sa riga a baibai, ya zuba sukari a ruwan wanke kofi, ya rungume kabad. Maman Auta tana kuka tana dariya tana cewa, "Malam, zauna kafin ka fasa mini kwanuka." Shi kuwa murna in ta kama shi hanya ɗaya ta sani ta fita: saita agogo. Ya ce rana irin wannan ba a barin gida da baki biyu. Ya hau kujera ya daidaita na bango, ya daidaita na Auta, ya daidaita na kan firji. Sannan idonsa ya faɗa kan wayar. Da ɗan abin da ta ɗara agogonsa, ɗan mitsitsi, ya daɗe yana gani yana haɗiyewa. Yau kam a'a. Ya shiga saiti, ya lalubo wani ɗan maɓalli da ke barin waya ta ɗauko lokaci da kanta, ya kashe shi da jin daɗin wanda ya kama ɓarawo. Ya murza mintocin da hannunsa. Garin sauri, yatsan ya gogi wani layi a sama, wasu lambobi suka wulwula. Bai kula ba, idonsa na kan minti. Ya kara ta da agogonsa ya ce, "Daidai."

Ya yi wanka, ya fesa turare kamar jaririyar za ta shaƙa ta cikin gilashi, ya jingina wayar da gwangwanin madara a tsakiyar tebur. Maman Auta ta ce bari ta duba ko an turo hoto kafin lokaci. Ta shafa, shiru. Alamar wayfai ga ta nan a cike taf, baka-baka kamar mafici, amma da wani ɗan ɗigo a gefenta, a ƙasa kuma an rubuta wai an haɗa, babu intanet.

"An haɗa kuma babu? Wane irin zance ne wannan? Kamar a ce an ɗora tukunya babu wuta."

"Kawo nan," in ji Baba. Ya buɗe wurin kiran, wani rubutu ya taso. Ya karanta, fuskarsa ta canja, ya share shi da sauri. Ya sake buɗewa, rubutun ya dawo, ya sake sharewa.

"Me ta ce?"

"Rashin kunya."

Daga nan aka shiga gyara. Ya kashe ta ya kunna. Ya girgiza ta a kunne ya saurara, ko da yake Allah na gani babu abin da ke motsi a cikinta. Ya hura mata iska ta ramin caji. Ya hau kujera ya ɗaga ta saitin akwatin har suna gogar juna, wai su gaisa. Ya zare wa akwatin wuta ya mayar, fitilunsa suka yi ta ƙyaf-ƙyaf suka dawo kore shar, ɗigon nan yana nan daram. Agogon Auta a bango yana ta tafiya abinsa, ba ruwansa da kowa. Da Maman Auta ta ga ya ɗauko jakar kayan aiki ya maƙala madubin ido, ta yi tsalle ta dafe wayar.

"Wallahi ba ka farke ta! Rediyona da ka buɗe har yau tasha ɗaya yake kamawa, ita ma ta masu wasan ƙwallo."

Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa Malama kira. Malama maƙwabciyarsu ce ta bene, mai koyar da lissafi, wadda in ta ce "to" ko babba sai ya gyara zama. Ta sauko da kumfar wanki a hannu, ta yi barka, ta rungume Maman Auta suka yi ta juyi a tsakar falo har sai da Baba ya buga tebur. Ta zaro tata wayar, ta sa kalmar sirrin gidan, nan take saƙonni suka fara shigo mata.

"Akwatinku lafiya lau, Baba. Ciwon a wayarka yake."

"To a kira a taki mana," in ji Maman Auta.

Malama ta juyo musu da fuskar wayar. Ta tsattsage kamar gidan gizo-gizo, kyamarar kuma tun da ta faɗa bokitin wanki hazo kawai take nunawa. Baba ya leƙa ya ga kansa kamar fatalwa a cikin tururi, an raba shi gida-gida.

"Jikata ta fara ganina a haka? Ta ɗauka aljani ne kakanta? Ni kuma in gan ta a yayyanke? A'a."

Malama ta ɗauki tasa. Ta sa ta manta wayfai ɗin ta sake haɗawa. Ta danna alamar jirgi ta cire. Babu. Baba yana tsaye a kanta yana numfashi a wuyanta, ido ɗaya kan waya, ɗaya kan bango. Can ya ce da wata 'yar murya da ba a san shi da ita ba, "An buɗe ƙofa." Lokacin ziyara ya shiga. Ƙaramar waya ta yi ƙara, surukin ne: yana ta kira ba ya shiga, lafiya? Ta bayansa suka jiyo wani ɗan kuka siriri kamar na 'yar mage. Baba ya dafa kujera.

Maman Auta ba ta iya saiti ba, amma ido gare ta. Ta ƙura wa fuskar wayar ido ta ce, "Ni kam, yau ba Asabar ba ce? Me ya sa wannan take cewa Talata?"

Malama ta duba. Ta sake dubawa. Sai ta zauna a hannun kujera ta fara dariya, irin wadda ba ta fita sai kafaɗu su yi ta rawa.

"Baba, wa ya taɓa kwanan watan nan? Ba ranar kaɗai ba, shekarar ma! Wayarka tana can baya, Auta ko sakandare ba ta gama ba!"

"Iye!" Maman Auta ta tafa hannu. "Malam, ka mayar da mu zamanin da kake da gashi? Ai da ka faɗa mini in nemo ƙuguna!"

"Minti kawai na gyara," in ji Baba.

"Shi ya sa," Malama ta ce tana share hawaye. "Duk inda ta je ƙwanƙwasa ƙofa sai an gwada kwanan watanta da na can. In suka ga ta zo daga wata shekara, ba mai buɗe mata. Ba ta nuna maka wani rubutu ba?"

Baba ya dubi silin.

"Malam. Rashin kunyar nan da ka yi ta sharewa, me ta ce?"

"Cewa ta yi," in ji shi, "wai lokacina ba daidai ba ne."

Maman Auta ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. Tun aurensu ba ta taɓa jin wani mahaluki ya faɗa masa haka ba, sai ga abin da ya ɗinka wa riga.

Baba ya fizgi wayar zai gyara shekarar da kansa. Yatsan da ke ɗaukar ƙusa mai ƙanƙantar ƙwayar yashi yau ya ƙi tsayawa. Ya murza, ta wuce gaba, jaririyar ta isa shiga makaranta. Ya murza, ta koma baya, wata ya tafi, rana ta bi shi. Dogon hannun agogon Auta yana ta hawa.

"Baba, ga maɓallin nan da ka kashe," in ji Malama. "Taɓa shi kawai. Ita za ta ɗauko lokacinta."

"Ta faɗa wa kanta?"

"Ta faɗa wa kanta."

Ta miƙa hannu za ta danna, Maman Auta ta riƙe ta. Ta daina dariya. "Bar shi. Shi zai yi."

Baba ya dubi tsohon agogon ƙarfen da ke wuyan hannunsa. Ya dubi na bango. Ya cire madubin idon ya ajiye a tebur, ya rufe ido kamar mai shan magani mai ɗaci, ya dangwala yatsa.

Lambobi suka yi tsalle. Ɗigon ya ɓace. Wayar ta hau ɓari a kan tebur, ƙit-ƙit-ƙit, hotuna na tururuwar shigowa, kafin su gama sai ga kira. Mutum uku suka kai hannu lokaci guda, gwangwanin madara ya yi ƙasa.

Auta ce, a gajiye, tana murmushi. Ta karkata, sai ga wata 'yar fuska jajir a cikin tawul, ido a rufe, baki na motsi. Tawul ɗin ya ɗan zame gefe.

"Wayyo Allah, kunnuwan!" Maman Auta ta ƙwala ihu. "Malam, ka cuci yarinya! Duk abin gado a rasa wanda za a ba ta sai faranti biyu!"

Baba bai ji ta ba. Ya matso har hancinsa na taɓa gilashi, can kuma ba abin da suke gani sai goshinsa. Auta tana cewa, "Baba, ja baya mu gan ka," shi yana ta faɗin "Sannu, sannu, sannu da zuwa," hawaye na bin kumatunsa yana shiga turaren da ya fesa. Ta bayansu aka ji ma'aikaciyar jinya tana tafa hannu, masu ziyara su fara haramar fita.

Sai ya tuna. Ya gyara murya, ya koma mai sana'a.

"Kai, yaro. Ƙarfe nawa ta iso?"

Surukin ya faɗa masa, har da mintoci.

"Da wane agogo ka duba?"

Surukin ya yi ƙasa da murya, don ya san gidan da ya yi aure. "A waya na duba, Baba."

Malama ta toshe baki. Maman Auta ta zuba wa mijinta ido. Jaririyar ta yi hamma, ta buɗe ido ɗaya tak, ɗayan a rufe, ta ƙura wa gilashin ido kamar an miƙo mata agogon da ya tsaya.

Baba ya ja hannun rigarsa a hankali ya rufe agogonsa.

"Daidai," in ji shi.