Na Bakwai a Jikin Dutse

Ranar da aka kawo ni Wickenholt ina amarya, a shekarar 1949, mijina ya tsayar da ni gaban dutsen tunawa da ke tsakiyar gari, tsakanin kandamin agwagi da ƙofar coci. Sunaye tara ne a jiki, na samarin da yaƙin duniya na farko ya ci. Ina cikin karantawa sai wani dogon mutum ya zo wucewa da adda a kafaɗa, ya ɗaga mana hula.

"Kin ga wancan?" in ji mijina ƙasa-ƙasa. "Shi ne na bakwai."

Jabez Thirkettle ke nan, mai gyaran shinge da yashe magudanai. Yana ɗan shekara goma sha tara ya tafi yaƙi tare da amininsa Amos Tebbutt, wanda suka tashi ƙofa da ƙofa. Bayan shekara biyu takarda ta zo cewa dukansu sun mutu. Aka yi kuka, aka share hawaye, aka kafa dutse. Sai a 1921 ga Jabez ya sauko daga keken dokin mai madara, a rame kamar sanda. Ashe yana wani asibiti ne duk tsawon lokacin, bai san ko sunansa ba. Mahaifiyarsa kuwa ta rasu wata huɗu kafin ya iso.

Limamin coci ya ce a kira mai sassaƙa ya kankare sunan. Jabez ya ƙi.

"Na Amos ne a samansa," ya ce. "Ba za a bar masa rami a ƙarƙashin ƙafa ba."

Tun daga nan sunansa ya koma Marigayi. In ya shiga mashaya sai a ɗauka: "A'a, Marigayi! Yau an ba ku hutu ne?" Ya ce, "Na zo duba wanda zai biyo ni. Kai, Percy, wannan tarin naka bai yi mini ba." A fashe da dariya. Amma na lura, ko an cika maƙil, ba mai zama a gefensa na hagu.

Ni ce mai kantin gari, kuma ni ke raba wasiƙu, saboda haka nakan iske shi a hanyar tsohon injin niƙa da safe, yana saƙa rassan shinge cikin hazo. Magana yake yi. Ba irin surutun mai taɓin hankali ba: sai ya faɗi abu, ya yi shiru kamar mai saurare, sannan ya amsa, wani lokaci har da tsaki. Wata rana na tsayar da kekena na leƙa bayan shingen. Tumaki ne kawai, duk sun ɗaga kai suna kallon wuri ɗaya, kuma ba shi suke kallo ba. Ban sake leƙawa ba.

Mahaifiyar Amos, Iya Keziah, tana zaune a ɗaya daga cikin ɗakunan gajiyayyu da ke jikin katangar makabarta. Shekara talatin Jabez yana faskara mata itace. Kullum in ya ajiye sai ta tambaye shi, "Ina ka baro mini shi?" Shi kuma ya ce, "Yana nan tafe, Iya." Iyakar gaisuwarsu ke nan.

A kakar 1952 jiki ya ƙi ta. Na kai mata romo da yamma, na tarar da shi tsaye a bakin gado, hula a hannu.

"Zauna, Jabez," ta ce. "Na gaji da 'yana nan tafe'. Ni ce mai tafiya yanzu. Faɗa mini."

Ya murza hular.

"Goya shi na yi, Iya. An harbe shi a ciki, ga taɓo har gwiwa. Muna tafe yana yi mini magana a kunne, nan wajen hagu, wai kada in sauke shi. Da muka isa wurin masu magani suka taɓa shi suka ce ai ya daɗe da cikawa, har ya sandare. Na ce ƙarya ne, yanzu ya gama zagina. Daga nan ban san abin da ya faru ba."

"Har yanzu yana yi?"

"Bai taɓa fasawa ba."

"Me yake cewa?"

"Yawanci ƙorafi. Wai shingena a karkace yake, wai ban iya wasa adda ba."

Tsohuwar ta yi dariya har sai da na tallabe ta.

"Shi ne," ta ce. "Halin ubansa sak." Sai ta dubi kafaɗar Jabez, ta hagu, ta ce, "Kai kuma sauko haka nan. Ka bar yaron mutane ya huta."

Kwana biyu bayan haka ta rasu.

Da aka yi mako sai ga Jabez a kanti, ya sayi taba, ya tsaya bai fita ba.

"'Yar nan," ya ce, "Amos ya bi ta."

Na ce to ai ya samu sauƙi. Ya kalle ni kamar na zage shi.

Ban ƙara jin yana magana a hanyar injin niƙa ba. Aikinsa ma ya ja baya, ya tsufa tashi ɗaya. Sai ya koma zuwa kantina kullum da hantsi, ya zauna kan buhun dankali, ba ya sayen komai, ba ya sa baki. Ko hirar tsadar sukari mata ke yi, sai ya karkato da kunne. In kanti ya watse ya ce, "Ci gaba da magana mana, ko me ce ce." Sai in karanta masa jarida, har da tallan takalma.

Haka muka yi shekara goma. Ya rasu a farkon 1963, lokacin dusar ƙanƙarar nan da ta rufe hanyar gari mako uku. An same shi a kujerarsa, ya ɗaura takalma kamar mai shirin fita. Ƙasa ta daskare, sai da aka hura wuta a kanta yini guda kafin a iya haƙa kabari. Mu shida muka raka shi.