Zanen da Aka Naɗe Ƙosai da Shi

Cikin abubuwan da suka same ni a rayuwa akwai guda ɗaya da na tabbata ba zai fita daga raina ba, ko da yake ba a yi faɗa a cikinsa ba, ba a ko yi zagi ba.

Ni ma'aikaci ne a sashen adana takardu na wata ma'aikata a nan Sakkwato, kuma halin aikin ya bi ni har gida. Idan na taso, abin da nake hutawa da shi bayan la'asar shi ne zanen firaktal. Ɗan gajeren lissafi ne ake ba kwamfuta ta yi ta maimaitawa, sai ta fitar da siffa mai rassa da murɗe-murɗe; duk inda ka kutsa ka ƙara girmanta, sai ka tarar ta haifi irinta, ba iyaka. Wani zanen sai kwamfutar ta yini a kansa kafin ya fito. Ina da littafi mai baƙin bango inda nake ba kowane zane lamba, in rubuta wurin da na samo shi, da zurfin da na kai, da ra'ayina a kansa.

Wata Asabar na je suna gidan abokin aikina a Gidan Dahala. Ina zama a falo sai idona ya faɗa kan wani tum-tum na jar fata da ake jingina da shi. A samansa an fitar da siffa kamar ƙahon rago, a gefenta ƙananan ƙahonni, kowanne da nasa ƙanana. Na san zanen nan kamar yadda na san sa hannuna. Mai gidan ya ce a kasuwa ya saya wurin wani tsohon baduku, ya kwatanta mini rumfarsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A ganina sata ce, kuma na ƙudura cewa sai ya amsa laifinsa, sannan in kai maganar gaban shugaban dukawa. A lokacin ban tsaya na auna abin da kalmar ɓarawo za ta yi wa dattijon da ya tsufa a sana'a da sunansa mai kyau ba. Haƙƙina kawai nake gani.

Washegari na ɗauki littafina na tafi. Na same shi zaune a kan buzu yana fiƙe wuƙa, ga wani tum-tum ɗin irin na jiya a gabansa. Na yi sallama a taƙaice na ce, "Baba, wa ya ba ka wannan zane?"

"Mai ƙosai," in ji shi. "Zamna mana, Malam. Tsayuwag ga taka awa ta ɗan sanda."

Ya ɗaga gefen buzun ya jawo wata takarda da mai ya jiƙa. "Na tai gaida ɗiyata unguwar Arkilla, nis sai ƙosai bakin titi, anka naɗe min cikin wagga. Wallahi har yah huce ban ci ba, ina kallon ta."

A Arkilla nake zaune. Na juya takardar, ga lambar zanen da rubutun hannuna. Nan na tuna ranar da maiɗakina ta tambaye ni abin da za a yi da takardun zanen da na buga da suka cika kwando, na ce ta ba duk mai so. Duk da haka ban sauka ba. Na ce, "Zanena ne, kuma ga shaida." Na buɗe littafin a daidai lambar, na shiga karantawa da ƙarfi kamar yadda nake yi a ofis, don dukawan da ke maƙwabtaka da shi su ji. Na karanta wurin, na karanta zurfin, kafin in ankara bakina ya riga ya karanta layin ƙarshe: "Bai yi kyau ba. A zubar."

Rumfar ta ɗauki dariya. Wani daga gefe ya ce, "To Malam, kai kaz zubar, shi yat tsinta. Wa za a kai ƙara?"

Dattijon bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Da hannunka kaz zana shi?"

Ban saba ƙarya ba, ba kuma a gaban sa'an mahaifina zan fara ba. Na gaya masa cewa lissafin ya girme ni, ni yawo kawai nake yi a cikinsa har in ci karo da abin da ya burge ni.

"Ashe duka matsinta muke," ya ce. Ya matso da tum-tum ɗin ya nuna mini da bakin wuƙa. "Dubi nan. Na yanka manyan ƙahonni, na yanka ɗiyansu, jikokin ne sunka gagare ni, wuƙa ba ta shiga. Kai da kas san gidansu, can ciki ina yaƙ ƙare?"

Na ce ba ya ƙarewa. Bai yarda ba, sai da na dawo masa da kwamfutar ranar Asabar ta gaba. Muka zauna a kan buzun ina kutsawa ciki, yana ta tasbihi, can ya dafa hannuna. "Tsaya nan, Malam. Wanga, fata na iya ɗaukar shi." Na buga masa shi a takarda mai tsabta. Maganar shugaban dukawa kuwa ban sake tuna ta ba sai da kunya.

Shekaru sun wuce, dattijon ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Abin da na koya shi ne, kafin ka tuhumi mutum da ɗaukar abinka, ka bincika yadda ya bar hannunka, kuma ka karanta shaidarka har ƙarshe kai kaɗai a ɗaki. Na kusa zubar da mutuncin bawan Allah a kan takardar da ni da kaina na yanke wa hukuncin shara, alhali shi ne kaɗai ya ga darajarta.