Kaina a Cinyar Surukata

A shekarun da nake saro gero a ƙauyukan Damargu ina sayar wa Buzayen ayari, idona ne jarina. Kallo ɗaya nake yi wa taiki in gane an cuɗa shi da ƙaiƙayi.

Wata rana ina dawowa daga Belbeji a kan raƙumi, reshen dakwara ya make ni, ƙaya ta huda baƙin idona na dama. Ba jini, sai wani ruwa mai ɗumi da ke ta tsiyaya. Da na iso gida matata ta duba ta ce idon yana lotsawa, kuma duk garin mutum ɗaya ya iya toshe irin wannan huda: uwarta.

Na ce a kira wanzami. Tun da na auri ƴarta ban taɓa haɗa ido da surukata ba. In na hango ta sai in cire takalmi in ratse ta bayan rumbu. Wanzami ya leƙa ya ce shi ƙaho da aska ya sani.

Haka aka kwantar da ni, ba rawani, kaina a cinyar surukata. Ta fasa ƙwan zabo ta ɓare tantanin cikin ɓawon, ta jiƙa ƙaro ya yi danƙo. Ita ma kunya ta kama ta. Ga kunnena dab da bakinta, amma ƴarta take aikowa ta ce wa "mai gidan nan" ya bar motsi. Ni kuwa da ta sunkuyo sai idon ya kauce da kansa, tantanin ya zame. Ta sake, ya sake zamewa.

Sai ta kama haɓata. "Ɗan nan, dube ni. In ruwan nan ya ƙare, rami za a bar maka."

Na dube ta. Na ga tsagar kumatunta, da hanci irin na matata. Ta ɗora tantanin a kan hudar, ta rufe fatar idon, ta liƙe gashinsa da ƙaro, ta ɗaure da tsumma. Na yi ta kuka kamar ɗan akuya, tana ji.

Idon ya tsira da ɗan farin tabo, har yau yana gane ƙaiƙayi. Ranar kwance tsumma, matata ce na sa ta kwance shi, fuskata a bango. Daga tsakar gida surukata ta tambayi ƴarta ko mai gidan nan yana gani. Na ce a gaya mata ina gani.

Har ta rasu, ta bayan rumbu nake bi.