Kashi Ɗaya Cikin Huɗu

Yayata ce ticar aji biyu a wata ƙaramar makarantar kuɗi bayan tashar jirgi a Kafanchan. Da ta haihu, Madam mai makarantar ta ce ko a kawo wanda zai riƙe ajin, ko ta ba wata aikin. Sai ni, da na bar boko a tsakiyar hanya na koma kwandastan bas. Yaya ta ja kunnena ta ce, "Don Allah ka ɗaure bakin nan naka, aikina ne a hannunka."

Darasin satin shi ne rabi da kwata. Littafi ya zana lemo. Lemo kuma? Na samo kwalin taliya, na zana jihar Kaduna yadda na san ta daga ƙofar bas. Yara suka hau shafa kala. Kachia ta sha kalar ruwan cittarta, Kafanchan ta samu jirgi mai ƙafa kamar akuya, wata yarinya ta zana masara a Mararaban Rido don can babanta ke saya mata gasasshe. Na sa almakashi na yanka kwalin gida huɗu, na ɗaga na ƙasa, wato namu na kudu.

"Kun ga wannan? Mu ne. Kashi ɗaya cikin huɗu na Kaduna."

Aji ya fashe da dariya. Ka san bakinmu na nan: kashin rabo, ƙashin miya, kashin masai, duk sauti ɗaya muke ba su. Ba mu da lokacin lanƙwasa harshe irin na 'yan Zariya. Ni ma na yi dariyar, muka haɗa kwalin, muka raba, muka sake haɗawa. Kafin a tashi har mai majinar aji ya san kwata biyu rabi ne.

Washegari ga wani baba, mutumin Fadan Kaje, dattijo a cocinsu, riƙe da ɗansa.

"Kai ne ka koya wa yarona wai mu kashin Kaduna ne? Abin da ake faɗa mana a waje bai isa ba, sai ɗan gida ya sa a darasi?"

Na ce, "Baba, wane kashin? Uku ne fa."

Madam ta harare ni. Hausarta ta kasuwa ce, amma ta ji zafin maganar. "Kai, durƙusa ka ba Baba haƙuri. In ba haka ba yayanka ya rasa aiki."

Na kusa durƙusawa, don na tuna jaririn yaya. Amma in na durƙusa, yaran nan da ke leƙe ta taga za su tafi gida da cewa lallai zagin na yi, kuma wai mu kashin ne da gaske. Na ɗauko kwalin, na cire namu, na nuna wa yaron sauran.

"Oga, wannan Kaduna ce?"

Ya ce, "A'a, Onkul. Ba ta cika ba."

"To Baba, abin da na koyar ke nan. In a kansa ne, ba na ba da haƙuri."

Baba ya ce ba shi da lokacin wasan yaran tasha, ya ja ɗansa. Madam ta nuna mini ƙofa, ta ce ko dai yayata ta dawo ranar Litinin ko ta manta da ajin.

Yaya ta dawo, jikinta bai gama warkewa ba. Hukuncin da Mama ta yanke mini shi ne reno. Kowace safiya ina ƙarƙashin mangwaron da ke bakin get ɗin makarantar da jariri a kafaɗa, in ya yi kuka in miƙa shi ta katanga ya sha nono. 'Yan tasha suna wucewa suna kira na mai jego. Yaya ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba, kuma tana da gaskiya. Ita na ba haƙuri har bakina ya bushe. Baban yaron nan kam har yau yana jira.